Tsummokaran Inna Hure

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Ku ajiye abin da kuke yi ku karanta wannan har ƙarshe, musamman ku da kuka yi boko iyayenku ba su yi ba.

Akwai wani malamin firamare mai suna Kamaruddeen, a wani ƙauye da ake kira Unguwar Dogo, can gefen Bici. Shi ne mataimakin hedimasta. Rigarsa kullum a goge, biro biyu a aljihu, kuma duk ƙauyen babu mai kyan rubutunsa. Ba ya sata, ba ya zagi. Ciwonsa ɗaya ne: yana son a san shi.

Mahaifiyarsa, Inna Hure, ba ta taɓa shiga aji ba. Tun tana amarya ta lura daji yana ƙarewa. Gona ta haɗe da gona, gida ya haɗe da gida, har ya zama babu inda akuya za ta ɓata. Itatuwan da ta tashi ta gani ana ta sarewa, ganyayen da ake miya da su suna ta ɓacewa.

Sai ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk abin da ta ga yana neman ƙarewa, sai ta ɗebi irinsa ko ɓawonsa ko 'ya'yansa, ta busar, ta gauraya da toka, ta zuba a gora ta toshe. Ganye kuma ta shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin tabarmi ta danne da dutse. Ba magani take bayarwa ba, ba sayarwa take yi ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Kada jikokina su ji suna ba su ga abu ba."

Shekara arba'in tana wannan. Goruna fiye da ɗari rataye a ɗakinta, duk hayaƙi ya baƙanta su, kowane da tsumma ɗaure a wuya. Ga ɓawon kunkuru, ga saɓar maciji, ga sheƙar tsuntsaye a kan katanga.

Wannan ɗaki shi ne abin kunyar Kamaruddeen. Wata rana wani abokin aikinsa ya shigo gaishe da Inna, da suka fito ya dube shi yana dariya ya ce, "Malam, ashe a gidan boka kake kwana ba mu sani ba?"

Tun daga ranar, in zai yi baƙi sai ya saki asabarin ƙofarta.

"Inna, don Allah ki bari a fitar da tarkacen nan," in ji shi. "Mutane suna magana."

Kamaruddeen ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa doguwar magana. Ta ci gaba da tsince wakenta ta ce, "Kai wannan, a kanka suke rataye?"

Da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, ƙanwarsa Larai ta haihu a Bacirawa. Inna ta shirya za ta je ta zauna da ita har bayan suna. Ta kulle ɗakinta, ta ba matarsa Rahmatu makulli, ta ce ta riƙa buɗewa da hantsi yana shan iska saboda raɓa.

Kwana uku da tafiyarta wata mata ta zo makarantarsu a motar jami'a. Sunanta Dokta Ramlat. Ita ke kula da gidan da ake adana tsirrai da halittu a wata jami'a a cikin Kano. Ta tara malamai a ofishin hedimasta ta ce suna yawo ƙauye ƙauye suna neman tsirran da suka yi ƙaranci. Duk wanda yake da busasshen ganye, ko iri, ko wani abu na daji da aka ajiye, suna roƙo ya ba su kyauta don 'yan baya.

"Kowane abu muna yi masa kati," in ji ta. "A katin akwai sunan abin, da inda aka samo shi, da shekarar, da sunan wanda ya samo. Ko bayan shekara ɗari mai bincike ya zo, wannan sunan zai gani. Roƙona ɗaya, a kawo abu yadda yake. Kada a gyara."

Kamaruddeen ya ji shekara ɗari, ya ji suna. Sauran maganar ba ta shiga kunnensa ba.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Dokta, ai kin zo gidan. Ni na daɗe ina tara irin waɗannan abubuwa."

Hedimasta ya juyo ya dube shi. Abokin nan nasa mai maganar boka ya sunkuyar da kai yana murmushi. Dokta Ramlat kuwa ta yi murna, ta ba shi lambar wayarta, ta ce ya kawo ranar Litinin.

Ranar Asabar da safe ya ce wa Rahmatu ta ba shi makullin.

"Malam, me za ka yi a ɗakin Inna?"

"Taimakon ilimi zan yi. Kayan nan a nan ɓera zai cinye su. A can za a sa su a gilashi."

"To ka kira wayar Larai mana, a ba ta ka tambaye ta."

"In na tambaye ta cewa za ta yi a'a. Ba ta san darajar abin ba."

Rahmatu ta riƙe haɓa ta ce, "Wadda ta shekara arba'in tana tarawa ita ce ba ta san darajarsa ba, kai da kake toshe hanci in ka wuce ƙofar kai ne ka sani? Ikon Allah."

"Ba ni makulli, ba wa'azi na tambaye ki ba."

Ta ba shi. Ta ce, "Ni dai babu hannuna. Ko gora ɗaya ba zan ɗauka ba."

Ya sauko da gorunan ya jera a tsakar gida. Da ya gan su a cikin rana sai ya ji ba zai iya shiga jami'a da su haka ba. Baƙaƙe, ga yanar gizo, ga tsummoki masu datti. Me Dokta za ta ɗauke shi? Ɗan ƙauye?

Ya hau babur ya je Bici ya sayo robobi farare masu murfi, da farar takarda, da gam. Ya dawo ya zauna ya fara aiki, kuma wallahi ya yi aiki tuƙuru.

Ya kwance tsummokin ɗaya bayan ɗaya ya tara gefe. Wasu ƙulli ɗaya ne, wasu biyu, wasu har huɗu, waɗanda suka ƙi kwantuwa ya sa almakashi. Ya zazzage kowane gora a faifai, ya tankaɗe tokar da rariya. Ganyayen da ke cikin tabarmi ya datse musu saiwoyi don su yi daidai da kwali.

Sai ya zo kan wasu goruna bakwai. Duk abin da ke cikinsu iri ɗaya ya gani, ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe kamar yashi.

"Tsufa ke nan," ya ce a ransa. "Abu ɗaya ta raba shi gida bakwai."

Ya juye su duka a ƙwarya ɗaya. Da ya ga tokar ta ƙi fita, ya zuba ruwa ya wanke su tas, ya shanya na ɗan lokaci, ya ɗura a babbar roba ya rufe gam.

Kafin la'asar ya gama. Robobi sun yi layi suna ƙyalli. A jikin kowace ya manna takarda, ya rubuta da kyakkyawan rubutun nan nasa: Kamaruddeen Abdulsalam, Unguwar Dogo.

Gorunan da tsummokin ya kwashe ya kai juji bayan gida ya cinna musu wuta. Rahmatu tana tsaye a bakin madafa tana kallon hayaƙin. Ranar, tuwon da ta ba shi ko gishiri bai ji ba.

Ranar Litinin ya sa babbar riga ya kai kayan jami'a.

Gidan adana tsirran ɗaki ne dogo mai sanyi, kabad kabad har rufi. Dokta Ramlat ta jawo masa durowa ɗaya ya ga busasshen ganye manne a takarda, da ɗan kati a ƙasa. Wanda ya samo shi ya rasu tun kafin a haifi Kamaruddeen, amma ga sunansa nan ɓaro ɓaro. Kamaruddeen ya ji zuciyarsa ta yi fari.

Da ta buɗe kwalayensa sai ta ɗago ta dube shi.

"Malam, a cikin robobin nan kake ajiye su tun farko?"

"Eh to, na ɗan gyara su."

"Hmm." Ta jawo rajista ta buɗe. "To bismillah. Wannan fa, ina ka samo shi? Wace shekara?"

Bai taɓa tunanin za a tambaye shi ɗaya bayan ɗaya ba. Ya ce wannan a fadama. Wannan ma a fadama. Wancan bara, wancan bara waccan. Ƙarya ɗaya tana jawo 'yar'uwarta, ita kuma Dokta tana rubutawa da fensir, tana ɗagowa tana dubansa.

Can ta ɗauko wani dogon abu busasshe, faffaɗa kamar ƙaton ɓawon wake. Ta miƙe tsaye.

"Tawatsa! Malam, mun yi wata biyu muna neman itacen nan a yankinku ba mu gani ba. Ina ka samo?"

Da ya ce bai sani ba, da abin ya tsaya nan. Amma ya ga yadda idonta ya yi haske, ya ga wasu ɗalibai sun matso suna dubansa da girmamawa. Sai bakinsa ya ce, "Tana nan bayan gonarmu."

"Da ranta?"

"Da ranta."

"Alhamdu lillahi. Ranar Alhamis za mu zo mu gan ta, mu ɗauki hoto, mu ɗebi sabon iri. Ka yi mana babban aiki."

A mota yana dawowa ya yi ta tunanin inda zai samo tawatsa. Talata da Laraba in an tashi daga makaranta sai ya hau babur ya yi ta zagaya gonaki da ɓawon a ransa, yana duban kowane itace. Gawo ne, ɗorawa ce, dalbejiya ce, kuka ce. Shi ko kamannin tawatsa bai sani ba. Kuma girman kai ya hana shi tambayar tsofaffi.

Ya ɗauko waya sau uku zai kira Dokta ya ce kada su zo. Sau uku yana mayarwa aljihu.

Ranar Alhamis da hantsi motar jami'a ta tsaya a ƙofar mai unguwa. Dokta Ramlat ta fito da ɗalibanta da kyamara, tana riƙe da ɓawon tawatsar a cikin leda. Labari ya riga ya zaga cewa Malam Kamaruddeen ya ba jami'a kyautar da za a sa sunansa a tarihi. Mai unguwa ya fito, hedimasta ya zo da malamai, manoma suka ajiye fartanya suka biyo baya.

Kamaruddeen ya shige gaba. Suka ratsa gero, suka ratsa gyaɗa, suka isa ƙarshen gonar. Babu komai sai shingen aduruku da ƙarangiya.

"Ina take, Malam?"

"Ai... nan wajen take. Ko an sare ta ne cikin kwanakin nan."

Dokta ta dubi ƙasa. Babu kututture, babu reshe, babu ganye.

A cikin taron akwai Kawu Mati, ƙanen mahaifinsa, tsoho mai baki. Ya matso ya ce, "'Yata, me ake nema ne? Mu gani."

Ta miƙa masa ledar. Ya kai kusa da ido, sai ya fashe da dariya har yana tari.

"Tawatsa! Kamaru, tawatsa ka ce musu tana nan? Ai guda ɗaya ce ta rage a ƙasar nan, can bakin rafi, kuma an sare ta kana rarrafe. Ni na riƙe gatarin ma. Kai ko a mafarki ka taɓa ganinta?"

Wasu suka yi dariya. Hedimasta ya cire hula ya mayar. Kamaruddeen ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga mutane suna darewa gefe.

Inna Hure ce. Da safen nan ta dawo daga Bacirawa, ta shiga ɗakinta ta tarar da igiyoyi kawai suna lilo. Rahmatu ta gaya mata komai tana kuka. Ko mayafin tafiya ba ta cire ba ta biyo sawun taron.

Ba ta dubi ɗanta ba. Ta gaishe da mai unguwa, ta gaishe da Kawu Mati, sannan ta karɓi ledar ta juya ta a hannu.

"Wannan nawa ne," in ji ta. "Ke ce baƙuwar?"

Dokta Ramlat ta durƙusa ta gaishe ta. "Ni ce, Inna."

"Kayan suna wajenki?"

"Suna nan lafiya, Inna. Duka robobin."

"Robobi." Inna ta maimaita kalmar. Sannan ta juya gefen da ɗanta yake, idonta a ƙasa. "Kai wannan. Kayan ba komai, in gidan ajiya suka tafi. Da ka tambaye ni da na ba ta da hannuna, don ni ma na fara tunanin inda za su bayan raina. Ina tsummokarana?"

Ya kau da kai gefe.

"Da kai nake. Tsummokin wuyan gorunan, ina ka ajiye su?"

"Inna... na ƙone su. Na ga sun yi datti ne."

Inna Hure ta nemi kunyar gyaɗa ta zauna a kai, a hankali, kamar wadda aka yi wa rasuwa. Dariyar da ake yi ta ɗauke.

Dokta ta tsuguna kusa da ita. "Inna, mene ne a tsummokin?"

"'Yata, ni ban iya rubutu ba. Su ne rubutuna. Duk abin da na ajiye, sai in yagi bakin zanen da nake ɗaurawa a shekarar in ɗaura masa. In na ga zanen na san shekarar. Wannan na auren wance ne, wannan na shekarar fari ne, wannan na takabar mai gidana ne. Ƙullin kuma wuri ne. Ɗaya fadama, biyu bakin rafi, uku gefen maƙabarta, huɗu tudun Shanono wajen dangin uwata."

Dokta Ramlat ta dafe kai. Ta juya ga ɗalibanta ta ce, "Kun ji? Wuri, da shekara, da mai samowa. Abin da nake fama da ku a kai ke nan tun farkon zango. Ita ta shekara arba'in tana yi babu wanda ya koya mata."

Kamaruddeen ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Biro biyun da ke aljihunsa suka yi masa nauyi. Duk idon ƙauyen yana kansa, har da iyayen yaran da yake koya wa cewa ƙarya haramun ce.

Ya cire takalmi, ya durƙusa a cikin ƙarangiya da babbar rigarsa.

"Dokta, duk abin da na faɗa miki ranar Litinin ƙarya ne. Ko ƙwaya ɗaya ban tara ba. Na Inna ne, kuma ba da saninta na ɗauka ba. Ki goge abin da kika rubuta."

"Da fensir na rubuta, Malam," in ji ta. "Tun da na ga komai daga fadama ɗaya yake na ƙi sa biro. Tawatsar ce kawai na so ta zama gaskiya."

Taro ya watse babu mai magana da ƙarfi. Kawu Mati kaɗai ya tsaya ya dube shi ya ce, "Tashi ka cire ƙayar nan, ɗan boko. Kunyar ba a gwiwa take ba."

Da la'asar Kamaruddeen ya leƙa bayan gida ya ga Inna a juji, tana tona tokar da kara. Ya tsaya daga nesa ya kasa ƙarasawa. Ta tono wani ɗan guntun tsumma shuɗi, rabinsa ya ƙone, da ƙulli biyu a jiki. Ta kakkaɓe shi a cinyarta.

Ba ta waiwayo ba, amma ta san yana nan.

"Na tawatsar ne," in ji ta. "Zanen goyonka ne. Kana bayana na tsinci ɓawon, ranar da suka kayar da ita."

Matar da ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ashe shekara talatin da bakwai zanen goyonsa yana rataye saman gadonta. Shi kuma ya sa masa ashana da hannunsa.

Ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na yara. Inna ta ƙulle guntun a bakin zanenta ta shige gida.

Mako na gaba Dokta Ramlat ta aiko da mota aka ɗauki Inna. Kamaruddeen ya nemi izini a makaranta ya bi ta. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar ɗakin nan mai sanyi, don ta ce ita ba ta aiki a kan kujera. Aka ɓanɓare takardun sunansa daga robobin a gabansa, ɗaya bayan ɗaya.

Kwana shida suna zuwa. A zuba mata abu a faifai, ta murza, ta shinshina, wani ta ɗanɗana.

"Wannan taura ce, gefen maƙabarta, shekarar da aka haifi Larai. Wannan filasko. Wannan ba rai ɗore ba ne, 'yata, tafasa ce, ke ma dubi ƙwayar da kyau."

Dokta ta yi dariya ta ce, "Inna, a gaban ɗalibaina?"

"To in bar ki ki rubuta ba daidai ba?"

Wasu ta tuna wurin ta manta shekarar. Wasu ta daɗe tana juyawa, sannan ta ce, "Allah Ya sani, ni ban sani ba. Da tsumman yana nan da na faɗa miki. Rubuta ba a sani ba." Duk lokacin da ta faɗi haka sai Kamaruddeen ya ƙara sunkuyar da kai. Shi aka ba aikin rubuta katin saboda kyan rubutunsa. Sau tamanin da wani abu ya rubuta: Wadda ta samo, Hure Abdulsalam.

Rana ta shida aka zo kan babbar robar nan ta baƙaƙen ƙwayoyi. Da aka buɗe murfin sai wari ya tashi. Ruwan da ya wanke su da shi bai bushe ba. Sun dunƙule sun yi fumfuna, fari da kore.

"Gora nawa ka juye a nan?" in ji Inna.

"Bakwai."

"Bakwai." Ta lissafa da yatsu. "Gasaya biyu, ta fadama da ta tudu. Zaƙi banza biyu. Namijin gasaya. Rukuɓu. Na bakwai kuma wani ganye ne da uwata ke miya da shi. Mu miyar Gwaggo muke ce masa, ban san wani sunansa ba. A fadamarmu kaɗai na taɓa ganinsa, kuma yanzu gidaje ne a wurin."

Dokta ta ɗebi kaɗan ta duba a ƙarƙashin gilashin da ke ƙara girman abu. Ta daɗe. Ta ɗago ta girgiza kai.

"Sun ruɓe, Inna. Ba za su tsiro ba, ba za su rabu ba. Da yana gorarsa da tokarsa, da ko sunansa mun gano miki."

Kamaruddeen ya matso da gwiwa. "Inna, ki yafe mini."

"Na yafe maka tun a juji," in ji ta. "Amma yafiyata ba za ta raba irin nan ba."

Dokta ta rufe robar ta miƙa wa wani ma'aikaci ta ce a zubar.

"A'a," in ji Inna. "Kada a zubar. Ba kin ce komai na gidan nan da katinsa ba, kuma ba a rubuta ƙarya?"

"Haka ne, Inna."

"To a yi masa kati. Sauran aikina ne, an sa sunana. Wannan ba aikina ba ne. A sa sunan mai aikin."

"Inna, ba sai an yi haka ba. Ya riga ya ji kunya."

"Shi ya ji. Waɗannan fa?" Ta nuna ɗaliban da haɓa. "Gobe su za ki aika ƙauye. Za su tarar da tsohuwa da ƙullinta mai datti, su ce bari su gyara mata. Ki ajiye wannan inda za su gani."

Dokta ta dubi Kamaruddeen, ba ta ce ya yi ba, ba ta ce kada ya yi ba.

Shi da kansa ya jawo kati. Rubutun ya karkace kamar na ɗan aji biyu. Ya rubuta: Iri bakwai da Hure Abdulsalam ta tara. An gauraya su, an wanke su, sun lalace. Wanda ya yi wannan, ɗanta, Kamaruddeen Abdulsalam.

Inna ta ce a karanta mata. Dokta ta karanta. Ta gyaɗa kai ta ce, "Yanzu an rubuta gaskiya. A naɗe tabarmar, mu tafi gida."

Robar tana nan a kan kabad na farko, daidai ƙofar shiga. Duk ɗalibin da aka kawo, ita ake fara nuna masa kafin a buɗe masa durowa ko ɗaya. A duk gidan, sunan Kamaruddeen aka fi karantawa.

Darasi: Abin da ka tarar a hannun iyayenka, ko ya yi maka kama da shara, kada ka taɓa shi sai ka tambaya. Rashin iya rubutu ba rashin sani ba ne, kuma wanda ya nemi suna da wahalar wani, da kunya za a san shi. In kana da abin da za ka ba gidan ajiya don 'yan baya, ka bayar yadda yake, ka faɗi gaskiyar wanda ya samo shi. Ku tura wannan ga 'ya'yanku da ƙannenku, kuma wanda tsohuwarsa ke da rai ya je yau ya tambaye ta abin da ta ƙulle, tun tana iya amsawa.